Yadda Kwikwiyo Ya Shiga Falo a Ingila

Kintsa gida kafin a kawo kwikwiyo, a ɓoye wayar lantarki a ɗauke takalma, ba tsohuwar al'ada ba ce a Ingila. Ta biyo bayan shigar kare falo ne a ƙarni na 19: a 1859 aka yi bajekolin karnuka a Newcastle, a 1873 aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club, kare mai gadi ya koma ɗan gida. Wani zai ce ai Sarki Charles II da karnukansa yake kwana tun ƙarni na 17. Haka ne, amma a lokacin fadarsa cike take da barori masu gyara ɓarna. Ƙaramin ma'aikacin birni kuwa ba shi da wannan gata, dole ya kawar da kayansa tun haƙorin kwikwiyo bai kai gare su ba.