Tarihin Firintar Resin: Ashe Sikirin ɗin Waya ne a Cikinta



In ka taɓa kai waya a canza mata gilashi, ka ga an zuba gam mai ruwa-ruwa, an haska shi da fitilar UV ya daskare, to ka ga yadda firintar resin ke aiki. Ruwan roba ne, haske na daskarar da shi layi bisa layi har abin da ka zana ya fito.

Hideo Kodama ɗan Japan ne ya wallafa dabarar a 1981, amma bai samu takardar mallakarta ba. Chuck Hull na Amurka ya samu a 1986, ya kafa 3D Systems. Injinansa da lesa suke aiki, sai manyan kamfanoni ke iya saye. A 2012 Formlabs ya fito da na kan tebur.

Ka san abin da ya karya farashin? Kayan sana'armu! Kamfanonin China suka ajiye lesa, suka sa LCD irin na waya mai inci 5.5, fitila a ƙarƙashinsa. Inda sikirin ya bar haske ya wuce, nan ke daskarewa. Haka Anycubic Photon na farko yake.

Sai dai fa arha bai rage wa ruwan nan illa ba. In shago ɗaya kuke da wasu, warin kowa ke shaƙa. Ka buɗe taga, ka sa safar hannu. Ragowar kuma kar ka zuba a kwata, shanya ta a rana ta daskare tukuna.