Jumong da gardamar gadon Goguryeo

Masu saurarenmu, da yawanmu mun raba dare gaban tele muna kallon Jumong. To, ga gardamar da ake ciki sadda aka yi shi.

Tun 2002 masanan gwamnatin Sin suka soma cewa daular Goguryeo, wadda tarihin Koriya ya ce Jumong ya kafa ta shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tasu ce. Koriyawa suka ce sam. Ana cikin haka, a 2006, tashar MBC ta fito da fim ɗin, kashi 81.

Song Il-gook da ya fito a Jumong kuwa, tattaɓa-kunnen Janar Kim Jwa-jin ne, wanda ya gwabza da sojan Japan a 1920. Shi ya sa in ya ja baka, gadon kakanni Koriyawa ke gani ana karewa.