Daga Babur Ɗin Lawrence Zuwa Hanyar Maigatari: Tarihin Jinyar Masu Raunin Ƙwaƙwalwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da wani maƙwabcinmu a Gumel. Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya ɗauko fasinja da kaya a babur, suka faɗi a hanya, kansa ya bugi kwalta. An kai shi Kano, ya yi kwanaki a sume, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Muka yi ta murna ya warke. Ashe da sauran aiki. Mutumin da muka sani da haƙuri ya koma mai saurin fushi, ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Unguwa ta ce iska ce. Wata nas ce kaɗai ta zaunar da matarsa ta ce mata: "Baiwar Allah, ciwon yana cikin kai, kuma akwai yadda ake jinyarsa."

Wannan ilimin da nas ɗin ta faɗa a jimla ɗaya yana da tarihi, kuma abin mamaki, babur na cikinsa.

A watan Mayun 1935, wani shahararren sojan Birtaniya, T. E. Lawrence, ya faɗi a babur a Ingila, ba hular kwano a kansa. Bayan kwana shida ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Cairns ya bi diddigin mutuwar sojojin da ke kai saƙo a babur, ya nuna raunin kai ne ke kashe da yawansu. A 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta musu hular kwano. Shi ne kuma ya tsaya aka mayar da kwalejin St Hugh's da ke Oxford asibitin masu raunin kai, inda aka yi jinyar mutum kusan 13,000 kafin a gama yaƙin.

A irin waɗannan asibitoci aka gane cewa tiyata rabin aiki ce. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya, likita Kurt Goldstein ya riƙe wata cibiya a Frankfurt ta Jamus inda ake sake koya wa sojoji magana, karatu da sana'a. A Rasha, Alexander Luria ya bibiyi wani soja, Lev Zasetsky, wanda aka raunata a ka a 1943, ya shafe shekaru sama da 20 yana rubuta abin da yake iya tunawa kaɗan-kaɗan. To wa yake tare da irin waɗannan mutane dare da rana? Likita ya zagayo ya wuce. Nas ce ke kwana a ɗakin.

Shi ya sa a 1974, da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar da ma'aunin dogon suma na Glasgow, suka tsara shi yadda nas za ta iya aiki da shi a bakin gado. Abu uku ake dubawa: yana buɗe ido? Yana magana? Yana motsi idan an umarce shi? Maki daga 3 zuwa 15. Idan makin ya sauka cikin dare, nas ce za ta fara gani ta taso likita. Ita ke juya majinyaci duk bayan awa biyu kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ita ke lura ko yana iya haɗiya kafin a ba shi kunu, don kada ya sarƙe shi ya shiga huhu. Ita ke shan zagi, wani lokaci har da mari, daga wanda bai san yana yi ba.

A Najeriya fa? Latunde Odeku ne ya fara sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. A Arewa daga baya aka samu cibiya a Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranta, ga kuma asibitin Malam Aminu Kano. Amma mutumin Sule Tankarkar ko Gagarawa, sai ya fara zuwa Gumel, sannan a wuce da shi Kano, tafiyar sama da kilomita 100. Ranar da aka sallame shi, aikin nas ya koma hannun uwa ko mata, ba tare da sun shiga aji ko na kwana ɗaya ba.

Hular kwanon kuma? A Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta a faɗin ƙasa. Wasunku za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Mun yi dariya a lokacin. Darasin da Cairns ya koya shekara kusan 70 kafin nan, mu muka mayar da shi barkwanci.

Ga abin da nake so mu ɗauka. Idan wani ya bugu a ka sai ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko ruwa na fita ta kunne, a garzaya asibiti, kada a ce bari a ga gobe. Idan ya dawo gida halinsa ya sauya, a yi addu'a, a kuma koma wurin likita da masu gashin ƙashi. Kafin sallama, ku tsare nas da tambaya: yaya za mu ciyar da shi, yaya za mu juya shi? Ƙannenmu masu neman makarantar jinya ta Birnin Kudu kuma, ku sa wannan fanni a ranku, masarautarmu na buƙatarku.

Maƙwabcin nan nawa yanzu yana tsaron shago, matarsa na rubuta masa lissafi a ɗan littafi. Bai koma babur ba.

Akwai wanda kuka yi jinya irin wannan? Ku faɗa mana yadda kuka yi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.