Ɗan wasan "kyauta": tarihin gardamar da ta raba magoya bayan PSG

Ranar 10 ga watan Agusta 2021 Lionel Messi ya sauka birnin Paris, ya sa hannu a kwantaragi na shekara 2 da kulob ɗin Paris Saint-Germain. PSG ba ta ba Barcelona ko dala ba. A cikin damina guda ta ɗauko ƴan wasa huɗu ta wannan hanya: Georginio Wijnaldum daga Liverpool, Sergio Ramos daga Real Madrid, mai tsaron gida Gianluigi Donnarumma daga AC Milan, sai Messi. Dukansu kwantaraginsu ya ƙare, sun zama ba su da uban gida. Duk wanda ya zauna wata fada a Maraɗi ko Damagaram a wancan lokaci ya ji kalmar da yaranmu suka riƙa maimaitawa, wai an samo su kyauta. Malamai sun ji ta a farfajiyar makaranta, iyaye sun ji ta a bakin akushi. Kalmar nan tana da tarihi, kuma wanda ya san tarihin zai iya ba yaro amsar da ta fi "je ka yi karatu".

Da farko dai, ɗan ƙwallo ba shi da ikon kansa. A Ingila tun 1893 aka kafa ƙa'idar da ta ba kulob damar riƙe ɗan wasa ko da kwantaraginsa ya ƙare: idan kulob bai sake shi ba, ba ya bugawa kowa. Albashi ma an yi masa iyaka, fam 20 a mako, har zuwa Janairu 1961 da ƙungiyar ƴan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta karya wannan iyaka. A 1963 George Eastham, wanda Newcastle ta hana shi tafiya Arsenal har ya yi yajin aiki, ya yi nasara a kotu, aka sassauta ƙa'idar riƙon. A Faransa abin ya fi haka tsanani, domin wanda ya sa hannu da kulob ya zama nata har ya kai shekara 35. Wani ɗan Kamaru mai suna Eugène N'Jo Léa, tare da Just Fontaine, suka kafa ƙungiyar ƙwadagon ƴan ƙwallo ta UNFP a 1961. A 1963 Raymond Kopa ya kwatanta halin ƴan wasa da na bayi, hukumar ƙwallo ta hukunta shi a kan maganar. Sai a 1969 aka amince da kwantaragi mai wa'adi a Faransa. Duk da haka, a yawancin ƙasashen Turai kulob na iya neman kuɗi a kan ɗan wasan da wa'adinsa ya cika, musamman idan zai ƙetare iyaka.

Wanda ya rushe wannan saura ba shahararre ba ne. Jean-Marc Bosman ɗan Beljik ne mai buga tsakiya a kulob ɗin RFC Liège. Kwantaraginsa ya ƙare a Yuni 1990. Kulob ɗin ya ce zai sabunta masa, amma albashin wata zai sauko daga faran ɗin Beljik 120.000 zuwa 30.000, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ƙi. Kulob ɗin Dunkerque na rukuni na biyu a Faransa ya nemi ɗaukarsa, Liège ta yi shakkar ko Dunkerque na da kuɗin biya, ta ƙi neman takardar sakinsa, sannan ta dakatar da shi. Mutum ba ya da aiki, ba ya da albashi, kuma ba ya da izinin neman aiki wani wuri. Ya kai ƙara. Shari'ar ta ci shekara 5. Ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta yanke hukunci cewa ɗan ƙwallo ma'aikaci ne kamar kowa, yana da ƴancin neman aiki a kowace ƙasa ta Tarayyar, don haka ba a neman kuɗi a kansa bayan wa'adinsa ya cika. Ta kuma soke ƙa'idar da ta taƙaita yawan ƴan wasan ƙasashen Tarayyar da kulob zai iya sakawa a fili.

Sakamakon bai daɗe ba. Ajax ta Holand, wadda ta ci kofin zakarun Turai a 1995 da yaran da ta raina da hannunta, ta ga Edgar Davids da Michael Reiziger sun tafi AC Milan a 1996 ba ta samu komai ba, Patrick Kluivert ya bi su a 1997. Steve McManaman ya bar Liverpool zuwa Real Madrid a 1999. A 2001 Sol Campbell, kyaftin ɗin Tottenham, ya ƙetara zuwa abokiyar gabarta Arsenal, har yau magoya bayan Tottenham ba su yafe masa ba. Andrea Pirlo ya koma Juventus a 2011, Robert Lewandowski ya koma Bayern a 2014, duk ta wannan ƙofa.

Abin da yaro mai kallon telbijin ba ya gani shi ne kuɗin bai ɓace ba, aljihu ya canza. A da, mai saye yana biyan tsohon kulob. Yanzu ɗan wasan da ya zama nasa na kansa yana da masu nema da yawa, shi ne ke yin ciniki. Yana karɓar kuɗin sa hannu, yana neman albashi mai tsoka, dillalinsa kuma yana cire lada. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai kuma wani abu: da yawa daga cikin waɗanda ke kai ƙarshen kwantaragi manya ne, sun haura shekara 30. Kulob ɗin da ya sayi yaro ɗan shekara 20 yana iya sayar da shi gaba ya maido da uwar kuɗi. Wanda ya ɗauki ɗan shekara 35 albashi kawai zai yi ta biya har ranar rabuwa.

Wannan shi ne tushen gardamar 2021. Tun da kamfanin Qatar Sports Investments ya sayi PSG a 2011, abu ɗaya masu kulob ɗin ke nema, kofin zakarun Turai. A 2017 sun biya yuro miliyan 222 a kan Neymar, kimanin miliyar 145 na kuɗin CFA. A 2020 sun kai wasan ƙarshe, Bayern ta doke su da ci 1 da nema. Da daraktan wasanni Leonardo ya tara waɗannan huɗu, magoya baya suka rabu gida biyu. Ɓangare na farko ya ce wannan ita ce dabara: a baya ana zargin PSG da watsa kuɗi, ga shi yanzu ta samu gwarzon duniya, da tsohon kyaftin ɗin Real Madrid, da mai tsaron gidan da aka zaɓa gwarzon gasar Turai wata ɗaya kafin nan, ba tare da biyan kowane kulob ba. Suka ƙara da cewa sunan Messi kaɗai zai kawo talla da cinikin riguna. Ɓangare na biyu ya riƙa yin tambayoyi. Messi na da shekara 34, Ramos 35 kuma ya shafe rabin kaka yana jinya. Kulob na da Keylor Navas a raga, me za a yi da masu tsaron gida biyu na sahun farko? Idan Messi da Neymar da Mbappé suna gaba, wa zai dawo baya ya ƙwato ƙwallo? Kuma yaushe yaran makarantar horon kulob ɗin za su samu wuri, bayan irin su Kingsley Coman sun riga sun tafi? Coman ɗin nan, wanda ya bar PSG kyauta a 2014, shi ne ya ci ta a wasan ƙarshe na 2020.

Fili ne ya fara ba da amsa. Ramos bai buga wasansa na farko ba sai ƙarshen Nuwamba 2021. Messi ya ci ƙwallo 6 kacal a gasar Faransa a kakarsa ta farko. Ranar 9 ga Maris 2022 a Madrid, PSG na gaba da ci 2 idan an haɗa wasa biyu, Donnarumma ya yi kuskure a gaban ragarsa, Karim Benzema ya zura ƙwallo 3, aka fitar da su. Kwana huɗu bayan haka, a wasan da suka yi da Bordeaux a filin Parc des Princes, magoya bayansu suka riƙa yi wa Messi da Neymar ihu duk sanda suka taɓa ƙwallo. Ranar 23 ga Afrilu kulob ɗin ya ci gasar Faransa karo na 10, amma ƴan gani-kashe-ni na kulob ɗin suka fice daga fili tun wasa bai tashi ba, suka je waje suka yi murnarsu su kaɗai. Saƙonsu a fili yake: kulob suke so, ba tarin taurari ba.

Sai littafin lissafi ya biyo baya. A kakar 2021-2022 albashin da PSG ta biya ya haura yuro miliyan 700, wato sama da miliyar 459 na CFA, kuma ta yi hasarar kusan yuro miliyan 370. A Satumba 2022 hukumar UEFA ta ci ta tarar yuro miliyan 65 saboda karya ƙa'idar daidaita kashewa da samu, miliyan 10 nan take, saura a jingine. Wijnaldum an ba da aronsa ga AS Roma bayan shekara ɗaya. A Maris 2023 Bayern ta sake fitar da PSG a zagaye ɗaya da na bara. A Yuni 2023 Messi da Ramos suka tafi yadda suka zo, kulob bai karɓi ko dala a kansu ba. Ƙofar da PSG ta shigo da mutane ta cikinta kuma ita ce ta fitar mata da mafi tsadar dukiyarta: a 2021 Real Madrid ta taya Kylian Mbappé a kan abin da ya kai yuro miliyan 160, PSG ta ƙi, a 2024 ya koma Real Madrid ɗin kyauta.

Wani zai ce ke nan ɓangare na biyu ya ci gardama. Bai ci duka ba. Ranar 31 ga Mayu 2025 a Munich, PSG ƙarƙashin koci Luis Enrique ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema, ta ɗauki kofin da ta shekara 14 tana nema, babu Messi, babu Neymar, babu Mbappé. Wanda ya fara zura ƙwallo shi ne Achraf Hakimi, wanda a waccan daminar ta 2021 aka biya kimanin yuro miliyan 60 a kansa, lokacin da hankalin kowa ke kan na kyauta. Amma wanda ya tsare raga, ya kaɗe fenariti biyu a filin Liverpool har suka samu wucewa, shi ne Donnarumma, ɗaya daga cikin huɗun nan. Shi ne kaɗai ya zo yana ɗan shekara 22, kuma shi kaɗai ya tsaya har aka ci riba da shi. Sannan matasan da suka ci kofin, irin su Désiré Doué da João Neves da Khvicha Kvaratskhelia, ba da araha aka same su ba, kowanensu ya ci yuro miliyan 50 ko fiye. Don haka ba kashe kuɗi ne laifin ba, ba kuma ɗaukar wanda kwantaraginsa ya ƙare ba. Tambayar da ta raba gaskiya ita ce: shekarunsa nawa, wane gurbi zai cike, nawa zai ci daga ranar zuwa har ranar tafiya?

Akwai inda labarin nan ya taɓa mu kai tsaye. Bayan hukuncin Bosman, FIFA ta sake rubuta dokar musayar ƴan wasa a 2001. Ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai bisa wasu dalilai ƙalilan. Ta kuma ce idan aka sayar da ɗan wasa yana cikin kwantaragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin za a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan ya tafi kyauta, babu kuɗin saye, babu kashi 5 ɗin nan. Ƙaramin kulob a Yamai ko Tawa da ya raini yaro zai iya cin moriyar wannan doka ne kawai idan an yi wa yaron rajista da lasisi a hukumar FENIFOOT, sunansa na cikin takarda. Uban da wani ya zo masa da alƙawarin kai ɗansa mai shekara 15 gwaji a Turai, ya kuma nemi kuɗin jirgi da na biza, ya sani cewa doka ba ta ba wani kulob damar yi wa yaron rajista a wannan shekaru ta wannan hanya ba.

Malamin lissafi kuma yana da darasi a shirye. Ya rubuta a allo: ɗan wasa na farko an saye shi miliyan 60, albashinsa miliyan 8 a shekara, bayan shekara 4 an sayar da shi miliyan 50. Na biyu ya zo kyauta, kuɗin sa hannu miliyan 20, albashi miliyan 25, bayan shekara 2 ya tafi kyauta. Alkaluman na misali ne, amma yara su lissafa abin da kowanne ya ci a shekara. Wanda ya gano amsar da kansa zai gane bashin babur da ake biya kullum, da wayar da ake cewa an ba da ita kyauta idan an sayi layi.

Shi kuwa Bosman, da aka yanke hukuncin yana da shekara 31, ƙafarsa ta riga ta wuce lokacinta, manyan kulob kuma ba su son jin sunansa. Diyyar da ya samu ba ta daɗe ba, daga baya ya koma rayuwa da tallafin gwamnati da taimakon ƙungiyar ƴan wasa ta duniya. Idan yaro ya sake ce muku an samo wane kyauta, ku tambaye shi wa ya biya, ku kuma gaya masa sunan mutumin Liège da ya rasa aikinsa a 1990.