Fasali a kan jinin da ba ya tsayawa da kumburin gaɓa

 

Ka sani ya ɗan'uwa, Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekara 1013 ta Miladiyya, Allah ya ji ƙansa, ya wallafa Attasrif maƙala 30. A cikin ta ƙarshe ya faɗi alamomin karaya: karkacewar gaɓa, da tasowar ƙashi, da ƙarar da kake ji in ka danna da hannu. A cikin littafin nan kuma ya ba da labarin mazan wani ƙauye, in an ji wa ɗayansu rauni kaɗan ko an tsaga masa jijiya, jini ba ya tsayawa har ya mutu.

Sa'an nan a 1803 wani likita na Amurka, John Otto, ya bayyana cewa maza cutar take kamawa, mata lafiyayyu ke ɗaukar ta zuwa ga 'ya'yansu. Ta haka ta shiga gidan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ɗanta Liyofol ya faɗi a 1884, ya mutu. A 1937 aka gane wani abu ne ya gaza cikin ruwan jini, shi ne wanda aka kira daga baya sinadari na 8 cikin masu daskarar da jini. Sunan cutar hemofiliya. Yau ana sa sinadarin a jijiya, jinin ya tsaya.

To, a nan maganar ƙashi da ta jini suka gamu. Jinin mai wannan cuta yakan zuba a cikin gwiwa ko gwiwar hannu ko idon sawu, gaɓar ta kumbura, ta yi zafi, alhali ƙashi bai karye ba. In ya yawaita, jinin ya ci guringuntsi, gaɓar ta sandare. Maɗori in ya ce targaɗe ne, ya ja, ya murza, ƙara ɓarna ya yi. Alamomin Azzahrawi su ne ma'auninsa: in babu karkacewa, babu ƙara, kumburin kuwa yana komowa, to ya ɗauke hannu, ya tambayi labarin kawunnan yaron, 'yan'uwan uwarsa, domin ta can gadon yake zuwa. Wanzami ma ya yi wannan tambaya kafin kaciya da ƙaho, in an ce wani ya taɓa zubar da jini har ya galabaita, a kai yaron asibiti a auna jininsa tukuna.