Ziyarar Fagen Fama na Burmi

Gabatarwa

Al'ada ce ta al'ummomi da dama su keɓe wuraren da aka gwabza yaƙi, su riƙa kai musu ziyara domin tunawa da mazajen da suka kwanta dama. A Arewacin Nijeriya akwai irin waɗannan wurare, kamar Giginya a Sakkwato da Burmi a Jihar Gombe. Wannan ɗan rubutu zai dubi Burmi ne, ya bayyana yadda aka yi ta zama makwancin Sarkin Musulmi, da kuma abin da ya kamata ɗan yawon buɗe ido ya riƙe a zuci idan ya isa can.

Hanyar Zuwa Burmi

Wanda ya taso daga Yola ko Jimeta zai bi ta Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da na Binuwai, ya wuce Kaltungo zuwa Gombe, sannan ya nausa arewa zuwa Bajoga, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Funakaye. Kufan Burmi yana nan kusa, ba nisa da gaɓar Gongola. Abin da aka fi nuna wa baƙo shi ne kaburbura biyu: na Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, da na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci rundunar da ta yaƙe shi.

Yadda Aka Kai Ga Yaƙin

Turawan Ingila ba su ci Daular Usmaniyya a rana ɗaya ba, gari bayan gari suka bi. Sun ci Yola a ranar 2 ga Satumba, 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma a ranar 15 ga Maris, lokacin Attahiru bai cika wata shida bisa karaga ba. Maimakon ya zauna ƙarƙashin Nasara, sai ya zaɓi hijira zuwa gabas da niyyar isa Makka. Gwamna Lugga ya naɗa Attahiru na Biyu a madadinsa, yana zaton magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Duk inda ayarin Sarkin Musulmi ya ratsa, sai jama'a su ɗaure kayansu su bi shi: malamai da almajirai, manoma da masu sana'a, mata da ƙananan yara. Ga damina ta kawo kai, amma mutane suka bar gonaki da rumbuna. Wannan ne ya tayar wa Turawa da hankali, domin mulkin ƙasar da mutanenta suka watse aikin banza ne. Saboda haka suka bi sawun ayarin har Burmi, garin mabiya Malam Jibrilla Gaini.

A watan Mayu Turawa suka kai wa garin hari na farko, aka kore su. Suka sake shiri suka dawo a ranar 27 ga Yuli, 1903, da igwa da bindiga mai ruwa. Aka wuni ana fafatawa. Kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, Sarkin Musulmi kuma ya yi shahada tare da mutanensa fiye da 600, sannan aka cinna wa garin wuta. Waɗanda suka tsira, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja su suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Zuriyarsu tana can har yau.

Abin da Mai Ziyara Zai Lura da Shi

Sau da yawa baƙo yakan tsaya a gaban kaburburan nan biyu, ya yi addu'a, ya ɗauki hoto, ya juya. To amma mai karatu ya tambayi kansa: sauran ɗaruruwan nan fa? Suna nan kwance a wannan fili, akasarinsu ba a san sunayensu ba, balle garuruwan da suka fito. Su ne suka bar gida ba tare da rawani ko sarauta ba, su ne kuma ainihin tarihin wurin. Ya kamata mai ziyara ya taka ƙasar Burmi da ladabin da ake shiga maƙabarta, ya kuma gane cewa labarinta labarin talakawa ne masu hijira, ba na shugabanni biyu kaɗai ba.

Mutumin Adamawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A 2014, da Boko Haram ta kama Gwoza da Mubi, dubban mutane sun kwararo Yola da ƙafa, wasunsu aka tsugunar da su a sansanin Malkohi. A ranar 11 ga Satumba, 2015, bam ya tashi a cikin sansanin, ya hallaka mutum 7. Dalilan gudun sun bambanta da na 1903, amma yunwar hanya da rabuwa da dangi iri ɗaya ne.

Kammalawa

Burmi ta nuna mana cewa idan ba a rubuta sunan talaka da wuri ba, ƙasa takan haɗiye shi tare da labarinsa. Shaidun 1903 duk sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka zauna a Malkohi da yawansu suna raye. Aiki ne a kan ɗaliban Hausa da na tarihi su je su saurare su, su rubuta abin da suka gani da sunayen waɗanda suka rasa, tun kafin masu ba da labarin su ƙare.