Kierkegaard da Sokratis: Inda Aikin Ungozoma Ya Tsaya

Malamin da Soren Kierkegaard ya fi girmamawa cikin 'yan adam bai taɓa jin bishara ba. Sokratis ne, mutumin Atina, wanda aka yanke wa hukuncin shan dafi a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu.

An haifi Kierkegaard a Kofanhegan, babban birnin Denmak, a 1813. A kan Sokratis ya rubuta kundin digirinsa a 1841, har halinsa ma ya ɗauka: yawo a titunan birni yana taɗi da duk wanda ya gamu da shi.

Sokratis, ɗan ungozoma, ya ce sana'ar mahaifiyarsa ya gada. A ganinsa gaskiya tana kwance cikin mutum tun asali, aikin malami shi ne ya yi ta tambaya har ta fito. Afalatun ya ba da labarin yadda ya sa wani yaro bawa, wanda bai taɓa koyon lissafi ba, ya warware matsalar awon murabba'i da tambayoyi kawai. In haka ne, malami ba kome ba ne. Da zarar an haihu, ungozoma sai ta koma gida.

A nan Kierkegaard ya rabu da shi, cikin wani ƙaramin littafi na 1844. Ya tambaya: idan fa gaskiyar ba ta cikin mutum, domin shi da kansa ya yar da ita ta wurin zunubi? To, tunatarwa ba za ta wadatar ba. Dole malamin ya zo da gaskiyar, ya kuma ba da ikon karɓarta. Irin wannan ba a sallamarsa bayan darasi, gama Mai Ceto ne. A ganina, ba a cika samun mai bayyana wannan bambanci sarai kamarsa ba.

Duk da haka bai saki Sokratis ba. Kamar yadda tsohon ya ƙi kiran kansa mai sani, haka shi ma ya ƙi kiran kansa Kirista, a ƙasar da a lokacin kusan kowa ake yi wa baftisma tun yana jariri. Da aka kira marigayi Bishop Mynster mashaidin gaskiya a 1854, ya fito fili ya musa, ya ce shaida da shan wuya ake yinta. A gadon asibiti, cikin 1855, ya ƙi karɓar Jibin Ubangiji daga hannun limamin da gwamnati ke biya albashi. Ya rasu yana da shekara 42.